Man Kaɗen da Aka Sauke a Ƙofar Zaure

Har yau idan na ji warin man shanun da ya kwana biyu sai raina ya ɓaci, ko da a kan tuwon suna aka zuba shi. Jikokina suna cewa tsufa ne ya sa mini tsirfa. Ba ruwan tsufa a ciki. Abin ya faro ne tun shekarar da na bi ayarin kanwa zuwa ƙasar Manga, ni da maigidana da yayansa, da kuma jakata.

Ni 'yar Maguzawa ce, daga wata unguwa a gefen kogin Watari, inda gona ke manne da gona, ba abin da ya raba ta wani da ta wani sai jerin gamba. A gidanmu mace tana da gayaunarta, tana da dabbarta. Da na musulunta na auri maigidana, wanda kakanninsa suka zo daga Barno tun da daɗewa, babana bai yi doguwar magana ba. Ya kwance wata jaka daga turke, baƙa wuluk, ya miƙa mini igiyar, ya ce ko gidan wa na shiga wannan tawa ce. Da ita nake kai man gyaɗa da ƙuli-ƙuli kasuwar Shanono, da ita nake kai taki gayaunata. Saboda ita ban taɓa tsayawa a ƙofar wani ina roƙon a ɗaukar mini kaya ba. A duk faɗin gidan mijina ita kaɗai ce abin da ba mai cewa nasa ne.

Yayan mijina shi ne babba a gidan. Dogo ne, mai son a gan shi, mai son a ce ya iya. Tsakanina da shi akwai kunya, yadda al'ada ta ajiye. Ba na kiran sunansa, ba na kallon idonsa, idan ya shigo in durƙusa, idan kuma ina da magana sai dai in faɗa wa mijina ya kai. Mijina kuwa mutumin kirki ne, ban taɓa cewa ba shi ba ne, amma ko tari yayansa ya yi sai ya ce gaskiya ne. Duk maganar da na ba shi ya kai, kafin ta isa zaure ta rame.

A shekarar nan jakinsu ɗaya ya mutu da damina, sai yayan ya aiko cewa za a tafi da tawa. Ba tambaya ba ce, sanarwa ce. Na ce wa mijina inda jakata ta sa ƙafa nan zan sa tawa. Da ma suna neman mai dafa musu abinci a hanya, mata kuwa suna bin ayari ba tun yau ba, don haka aka amince ba gardama.

Na shiga haɗa guzuri. Gero, garin kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, barkono, duk waɗannan ba sa ba mutum wahala, ka ɗaure su ka manta. Mai shi ne abin tunani, domin tafiyar wata da watanni ce, kuma mun makara, sanyi ya fara janyewa. Man gyaɗa sana'ata ce, na fi kowa sanin daɗinsa, na kuma san halinsa: ruwa ne, duk inda ya ga kafa sai ya bi, gora ɗaya ta fashe kun yi sallama da shi. Man ja ba namu ba ne, sai fataken Nufe sun kawo, ba kuma kowa ke iya taɓa shi ba. Man shanu idan an soya shi da albasa har ruwansa ya ƙone yana jimrewa, amma ɗanye ba abokin tafiya ba ne. Wanda na sani tun ina yarinya, wanda babana da ƙannensa ke ɗauka idan za su yi nisa, shi ne man kaɗe. Daskararre ne, ka naɗe curinsa a ganye ka jefa a ƙwarya, ko jaki ya faɗi da shi ba abin da zai same shi. Ka yi miya da shi, ka shafa a faso, ka kunna fitila, idan bayan dabba ya fara gogewa ka murza mata. Yana da ɗan wari, ban musa ba. Amma innata ta koya mini yadda ake kashe shi: a narka, a jefa albasa, a yayyafa ruwa ya yi ƙara, warin ya bi hayaƙi.

Na taka har gidanmu na faɗa wa Inna. Ta shiga ɗaki ta fito da abin da ta tara tun damina, wanda ta tsinto 'ya'yansa da kanta a gindin kaɗanya, ta daka, ta soya, ta niƙa, ta cuɗa har kafaɗunta suka yi tsami. Curi manya-manya ta ba ni, ba ta rage wa kanta na kirki ba.

Ranar tashi, ana ɗaure kaya a ƙofar zaure, yayan mijina ya zo yana duba mangala ɗaya bayan ɗaya. Da ya iso kan jakata sai ya tsaya, ya shaƙi iska, ya tambayi ƙanensa warin mene ne wannan. Mijina ya ce man kaɗe ne na girki. Sai ya ɗaga murya yadda duk wanda ke wurin zai ji.

"A ayarin da madugu da manyan fatake za su sa hannu a akushinmu, tukunyata ba za ta yi warin man arna ba."

Ya zura hannu da kansa ya ciro ƙwaryar, ya ajiye ta a ƙasa kusa da bango. Ashe tun jiya ya sayi man shanu a hannun matan Fulani, ɗanye fari tas, ya sa an danna masa shi a wani babban tandu, irin tulun nan na fata mai siririn wuya da murfi. Ina durƙushe a gefe. Na raɗa wa mijina a bari in soya shi ko da sama-sama ne. Ya je ya dawo ya ce ba lokaci, ayari yana jira. Na ce to a ɗauki duka biyun. Wannan ko zuwa bai yi ba, haƙuri kawai ya ba ni. Da suka juya na gutsuri abin da bai fi dunƙulen hannu ba na ƙulle a bakin zanena. Sauran na bar shi a nan, wahalar Inna ta damina guda, kaji suna zagaya shi.

Tunda tukwane da kayan miya a kan jakata suke, a kanta aka rataya tandun, yana jingine da akumari, wato shimfiɗar da ake ɗora wa jaki a baya kafin kaya.

Kwanakin farko man ya yi daɗi, ba zan yi masa ƙarya ba. Duk zangon da muka sauka sai yayan mijina ya gayyato mutane, a ci tuwo ana santi, shi kuma yana shafa gemu kamar shi ya tatso saniyar. Sai zafi ya kankama. Kafin hantsi ya ɗaga man ya narke, da asuba ya ɗan kama jikinsa, gobe ma haka. Duk takun da jaka ta yi sai ya yi tsalle a cikin tandu ya leƙo ta bakin murfi. Na naɗa tsumma, ya jiƙa shi. Na liƙe da ƙaro, ya narkar da shi. Ƙamshin ya fara juyawa, ya koma wani irin hamami, miya ta fara kartar maƙogwaro. Masu zuwa cin tuwo suka ragu da kaɗan-kaɗan, kowa da uzurinsa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne bayan mun wuce Gumel. Itatuwan da na sani suka ƙare, kaɗanya ko ta magani babu, sai aduwa da ƙaya da rairayi. Shanu kuwa ga su nan ko'ina. Kowane zango mata ne ke tarbarmu da ƙoren man shanu sabo, na safiyar nan, suna roƙon a ba su gero a karɓa. Wato mun ɗauko man shanu tun daga Kano, mun wahalar da dabba da shi, mun kawo shi ƙasar da ba ta da abin da ya fi shi araha, mun kuma baro a gida abin da ko da kuka ba za ka samu a nan ba. Na ce wa mijina a zubar da na tandun a riƙa karɓar sabo. Amsar da ya kawo mini ita ce Yaya ya ce mai ba ya lalacewa, sai dai hannun mai girki. Zubarwa tana nufin ya yarda ya yi kuskure, shi kuwa gara a yanke masa yatsa.

Ina ta fama da miya ban lura da wuri ba cewa ɓarnar gaske a ƙarƙashin kaya take. Man da ke ɗiga ya ratsa akumarin ya jiƙa shi sharkaf. Rairayi ya bi ya manne, rana ta gasa, gefe ɗaya ya sandare ya yi kaushi kamar dutsen niƙa. Ranar da na cire shi na ga gashin bayanta ya goge daidai wurin, fata ta yi sheƙi. Na bugi akumarin da itace, na goge shi da toka, na shimfiɗa tsohon zanena a ƙarƙashinsa. Babu wani na canji a duk kayanmu. Kullum da yamma in kwance bakin zanena in lakato ɗan man kaɗen nan in murza mata, ita kuma ta sunkuyar da kai tana lumshe ido. Wurin ya fara laushi.

Sai ga mijina wata yamma yana sosa ƙeya. Ya ce ƙafar Yaya ta yi faso har tana jini, wai ko akwai sauran abin nan da nake shafa wa jaka. Abin nan. Ko sunansa ba zai iya kamawa ba. Na ce na dabba ne, ba zan bayar ba. Ya tsaya a kaina yana roƙo, yana cewa kada in kunyata shi, har na gaji na miƙa masa. Tsummar kawai ya dawo mini da ita. Man arnan da bai isa shiga tukunyarsa ba ya isa shiga tsagar dugadugansa, kuma bai rage wa jakata ko na lakata ɗaya ba.

Mun isa inda ake haƙar kanwa, muka yi kwanakin da za mu yi, aka yi ciniki aka fara lodi. A zuwa kayanmu marasa nauyi ne, a dawowa ne jaki ke sanin ya zo fatauci. Na nuna wa mijina bayanta, na kama hannunsa na ɗora a wurin ya ji zafinsa, na ce a rage mata. Ya je ya dawo ya ce Yaya ya ce kowane jaki da mangalarsa, ba a zo da wata don yawon shan iska ba. Aka cika mata kamar kowa, aka kuma mayar da tandun nan a kai, da sauran ruɓaɓɓen mansa.

Wanda bai yi safarar kanwa ba bai san halinta ba. Garinta yana zubowa ta saƙar mangala, ya gauraya da gumin dabba, idan ya samu fata lafiyayya ma sai ya ci ta, balle wadda ta riga ta goge. Ba mu yi nisa da juyowa ba wurin ya fashe. Da farko kamar bakin ludayi, kafin a jima ya kai tafin hannuna, ja jawur, yana ruwa. Idan aka zo ɗora mata kaya da safe sai duk jikinta ya ɗauki ɓari. Na bi matan ayarin nan ɗaya bayan ɗaya ina neman man kaɗe. Waɗanda suka zo da shi ya ƙare musu tuntuni. Wata tsohuwa ta kankare mini gindin ƙoƙonta, abin da ya fito bai rufe rabin mikin ba.

Yayan mijina ya aiko cewa in shafa man shanu, ai ga shi nan birjik. Ba ni da wata dabara, na karɓi sabo a hannun matan zango na shafa. Rana na ɗagowa ya narke ya bi haƙarƙarinta ya zube, ya bar maiƙo da ƙamshin da ya kira ƙudan duniya. Kafin in ankara tsutsa ta shiga. Duk inda muka sauka, kafin in ɗora tukunya sai na dafa bagaruwa na wanke mata, na sa tsinke ina ciro tsutsotsin, tana cije iska, amma ba ta taɓa harbina ba. Na rage kanwar da ke kanta na ɗaure a buhun kaba na ɗora a kaina. Mata suna yi mini tsiya wai jaka ta samu jaka, ni kuwa ko kallonsu ba na yi.

Duk da haka ta fara zama a baya. A zamanin nan ayari ba ya jiran kowa, ba kuma mugunta ba ce. Dajin cike yake da mahara, wanda ya yi jinkiri shi kaɗai sai dai a ji labarinsa a wata kasuwa, an sayar da shi bawa. Jagaba, mai jan gaban ayari, ya yi mana magana, ya sake yi, daga baya madugu ya aiko cewa dabbar da ke riƙe ayari a san yadda za a yi da ita.

Wata safiya a wani ƙaramin zango mai rijiya ɗaya, aka ɗora mata mangala sai ta durƙusa. Aka ɗaga ta, ta sake durƙusawa. Aka sauke kayan aka rarraba wa sauran jakuna. Da ta ji bayanta wayam sai ta miƙe da kanta ta zo ta tsaya kusa da ni. Na ce alhamdu lillahi, tunda tana iya tsayuwa za ta iya bin mu ba kaya, in muka kai inda kaɗanya take zan warkar da ita, na san zan iya. Na juya in faɗa wa mijina haka, sai na ga ya ƙi haɗa ido da ni.

Ashe yayansa ya riga ya gama magana. Ya yi kyauta da ita ga mai zangon, wai tukuicin saukar da ya yi mana. Ga mai zangon can yana ta godiya yana sa albarka, fatake suna cewa kai, wannan mutum akwai hannu. Da jakata. Da jakar da ubana ya kwance daga turkensa ya ba ni.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na taka har gabansa, ban durƙusa ba, na dubi tsakiyar idonsa, abin da ban taɓa yi ba tunda na shigo gidansu.

Na ce, "Yaya, ba taka ba ce. Kai ka sauke man da zai warkar da ita, kai ka rataya mata wanda ya cinye bayanta, kai ka shanye ɗan abin da na ɓoye mata. Yanzu kuma da ita za ka sayi suna?"

Ya kau da kai ya dubi ƙanensa, ya ce a hankali, "Ka ga abin da ka auro mana." Sannan ya gyara rawaninsa ya wuce gaba.

Na jira mijina ya ce wani abu, ko da kalma ɗaya ce. Yana ta gyara igiyar da ba ta kwance ba. Na nufi wajen madugu da kaina, mutanensa suka tare ni suka ce kyautar da namiji ya yi a gaban jama'a ba a kwance ta, maganar gida kuma a bari sai an koma gida. Mun koma gidan, ba a kuma taɓa tayar da ita ba. Na zauna da mutumin nan shekaru masu yawa a gida ɗaya, ina durƙusa masa, ina kai masa tuwo, har ya mutu bai ce mini ya yi kuskure ba, ni ma ban yafe ba. Mijina ya sayo mini wata jaka daga baya, na karɓa don aiki ba ya jira. Ko waccan ta rayu ko ta mutu, ban taɓa samun wanda ya faɗa mini ba.

Amma a safiyar nan ba a gama da ni ba tukuna. Ayari ya fara motsi, jakata ta biyo ni, tana ɗingishi, hancinta a kafaɗata. Mai zangon ya zo da igiya zai kama ta, ta juya ta kai masa harbi. Ɗansa ya gwada, ta kai masa cizo. Duk rashin ƙarfinta ba wanda ta bari ya matso. Jagaba yana ta kira daga gaba cewa rana tana yi. Sai mijina ya karɓi igiyar ya zo ya tsaya a gabana, ya miƙo mini ita da hannu biyu.

Na sauke kanwar da ke kaina. Na karɓa. Na ja ta zuwa gindin wata aduwa inda inuwa za ta daɗe, ta biyo ni ba musu, don a saninta duk inda na kai ta ruwa ne ko dusa. Na kira matar mai zangon na nuna mata yadda ake wankin bagaruwa, na ce kada ta kuskura ta sa man shanu, ta rufe wurin da tsumma saboda ƙuda. Tana ta gyaɗa kai, ban sani ba ko ta ji Hausar tawa. Na zagaya igiyar a wuyan jakata, na ɗaure ta a jikin itacen, na ɗauki kayana na bi sahu.

Ba mu fita daga gonakin zangon ba ta fara kuka. Na waiwaya na hango ta tana ja da baya da dukan ƙarfinta, tana fizgar igiya, aduwar tana girgiza. Wata mata a gefena ta ce in kwantar da raina, wataƙila ta tsinke ta biyo mu. Na san ba za ta tsinke ba. Ni na yi ɗaurin, kuma na iya ɗauri.